Mushe Ayuba Zai Kai Mata Suwis

Duk wanda ya ce Cadawa ba ta da manyan mutane, bai taɓa tsayawa bakin titi da hantsi ya ga Mushe Ayuba yana wucewa ba. Ga kwat mai ruwan toka, ga karabat ɗaure a wuya ko da rana tana narka kwalta, ga baƙar jaka a hammata wadda ba a taɓa ganin ranar da ya buɗe ta ba. Tafiyarsa kaɗai darasi ce. Yana ɗaga ƙafa kamar ƙasar ba ta cika yi masa ba, yana ajiye ta kamar yana yi mata alfarma. Ya daɗe yana koyarwa a lakol, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, kafin ya ajiye alli, amma bai ajiye murya ba. Ko gishiri zai saya a kasuwa, sai mai gishiri ta ji kamar an kira ta gaban allo. Faransanci kuwa ya zauna masa a baki har atishawa ma da shi yake yi.

Abin da ya fi ɗaukaka shi a kan sauran ƴan Adam shi ne ilimin jirgin sama. Yana saurayi an taɓa aikensa Maraɗi ya riƙa wa wani babban baƙo jaka zuwa filin jirgi. Ya tsaya bayan shingen waya, jirgi ya tashi, iskarsa ta ɗauke masa hula. Tun daga ranar duk inda aka ambaci jirgi sai Mushe ya gyara murya, kowa ya yi shiru, don mai abin ya iso. Ƴan kabu-kabu na tasha suka laƙaba masa Kwamandan Gajimare. Ya ji sunan, ya auna shi, ya ga bai yi masa yawa ba.

To, ana nan sai alheri ya faɗo wa majami'ar Cadawa. Zumuntar mata tasu ta yi suna wajen waƙa. In suka jera tuluna suna bugawa, ƙwarya tana amsawa, har masu amalanke sukan tsayar da shanu a bakin hanya su saurara. Wata baƙuwa ta taɓa ɗaukar su a waya ta tafi da su, ashe waƙar ta yi nisa. Wata ikilisiya a ƙasar Suwis ta aiko tana gayyatar su bikinta, ta ɗauki nauyin jirgi da masauki da abinci. Ranar da Fasto Nomau ya sanar, guɗa ta hana a ƙarasa sujada.

Fasto kansa ba zai iya tafiya ba, gwiwa ta matsa masa. Ya ce ana bukatar namiji ɗaya mai jin Faransanci ya raka matan. Bai kai ƙarshen maganar ba Mushe ya riga ya miƙe, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ƴan'uwa cikin Ubangiji," in ji shi, "ban nemi wannan nauyi ba. Nauyin ne ya duba gabas, ya duba yamma, ya rasa kafaɗar da za ta ɗauke shi, ya zo ya sauka a tawa. Na karɓa da tawali'u. Daga yau ku kira ni Shef de Misiyo, wato shugaban tafiya."

Ba wanda ya tuna an zaɓe shi, amma ba wanda ya tuna an hana shi. Mama Yelwa, shugabar zumunta, mace mai jiki da sanyin magana, ta dubi Fasto. Fasto ya dubi gwiwarsa.

Shiri ya fara da hoton faspo. Mushe ya kwashi matan a mota zuwa garin Agiye, ya jera su ƙofar mai hoto, ya yi musu gargaɗi cewa a Turai duk wanda aka ga haƙoransa a faspo daga iyaka ake mayar da shi. Wannan gargaɗi ne ya ɓata aikin. Duk wadda ta zauna ta ƙame fuska, sai ta hango sauran suna leƙe ta taga, sai dariya ta ƙwace. Mai hoto ya ɗauka ya goge har ya gaji. Da aka zo kan Kwamanda, ya zauna ya karkata kai, ya tokare haɓa da yatsa, ya zuba ido can nesa kamar mai hango makomar Afirka. Mai hoto ya ce ya sauke hannun, ya cire gilashin, ya dubi nan. Hoton da ya fito, in ka gan shi, sai ka ce wanda jandarma suka kama da akuyar mutane.

Wajen allurar shawara ya yi wa matan doguwar lacca a kan jarumta. Da likita ta ɗago allura ta nufo shi, ya tuna yana da magana mai muhimmanci da bangon ɗakin, ya juya yana kallonsa har aka gama.

Daga nan aka shiga abin da ya kira formasiyo, wato horo. Kowace ranar da mata suka taru gwajin waƙa, sai ya karɓe rabin lokacin. Ya sa aka jera bencina biyu-biyu a cikin majami'a, aka bar hanya a tsakiya. Wannan shi ne jirgi. Aka aro igiyoyin tumaki, kowace mace ta ɗaure ƙugunta da benci. Wannan ita ce sintir. Shi kuma ya zauna a gaba kan kujerar Fasto, ya riƙe murfin tukunya da hannu biyu, ya toshe hanci don muryar ta fito irin ta lasifika.

"Medam, Kwamanda ke magana. Mun bar ƙasa. Wadda ta leƙa taga ta ga gonarta ta zama kamar faifai, kada ta yi ihu, haka ilimi yake."

Ya roƙi dattawan ikilisiya su tsaya a baya su riƙa girgiza bencinan, don a saba da ramukan da ke cikin iska. Dattawa suka ɗauki aikin da gaske, wasunsu sun daɗe ba su sami damar girgiza matansu a gaban jama'a ba. Benci ya kife da mata uku, igiya ta hana su tashi, suna ƙasa suna dariya har da hawaye. Bayan haka Mushe ya sauka daga kujerar tuƙi, ya rataya tawul a hannu, ya zama ma'aikaciyar jirgi, yana bi layi-layi da tire babu komai a kai yana tambaya kaza ko kifi. Kowa ta ce duka biyun.

Mutum ɗaya ce ta ƙi ba ilimi haƙƙinsa. Inna Tala, tsohuwa haifaffiyar Gidan Sori, ita ce mai ba da waƙa, sauran suna amsawa. Muryarta in ta tashi, tsigar jikin mutum ma tashi take. Amma da an ɗaure ta da igiya, da benci ya fara lilo, sai barci ya kwashe ta, goro a kumatu. Mushe ya tsaya kanta ya buga murfin tukunya.

"Inna, muna tsakiyar hamada, kina barci?"

Ta buɗe ido ɗaya. "To Mushe, in jirgin na tahiya, mi za ni yi in ba kwana ba? Ni ka tuƙi?"

Ya rubuta wani abu a tafin hannunsa da biro, ya ce za a duba lamarinta.

Sai batun sanyi. Mushe ya bayyana cewa a Suwis in mutum ya tofa yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Wanda ya fita ba shiri, kunnensa yakan ɓalle ya faɗi bai sani ba, sai ya koma gida ya ga babu. Don haka ya shiga gwanjo ya tattaro rigunan sanyi da huluna da safar hannu, ya yi magana da wani mai sana'ar ƙanƙara a Agiye ya ara musu ɗakinsa. A tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke buɗe baki a inuwa, aka ga matan zumunta sun sauko daga mota cikin manyan riguna kamar buhunan gawayi masu ƙafa. Kasuwa ta tsaya kallo. Suka shiga ɗakin sanyi, Kwamanda ya sa aka rufe ƙofa, ya fara bayani a kan dusar ƙanƙara. Bai yi nisa ba aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Injin ya yi shiru. Ɗaki ya fara ɗumi, daga ɗumi ya koma tanda. Matan suka tuɓe rigunan, suka zauna kan buhunan ƙanƙara suna fasawa suna tsotsa, Inna Tala ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, har mai ƙanƙara ya leƙo yana tafi. Shi kaɗai Mushe ya ƙi cire komai, don shugaba ba ya karya doka a gaban na ƙasa. Ya fito jiƙe sharkaf, ya sha iskar mota, ya kwanta mura. Da ya tashi ya ce wannan hujja ce, tun ba a je ba ga abin da sanyin Turai ke yi wa mutum.

An yi darasin cin taliya da cokali mai yatsu, wanda ya ƙare kowa ta wanke hannu ta ci abinta. An yi darasin gaisuwa, inda ya hana tambayar Bature lafiyar iyali da gajiya da kwanan gida, don a cewarsa can gaisuwa kalma ɗaya ce, wanda ya ƙara ta biyu ƴan sanda ake kira masa. An kai akwatuna kan sikelin masu wake a kasuwa, ya tsaya yana buɗewa yana fitar da daddawa da kuka da yaji da soyayyar fara, yana jerawa a ƙasa kamar kayan fasa-ƙwaurin da ƴan duwan suka kama. Matan suna cewa to, yana juya baya suna mayarwa.

Ranar da ya taɓa tuluna ne aka ga iyakarsa. Ya ce tulun ƙasa ba kayan jirgi ba ne, a can akwai fiyano. Ya ƙara da cewa bayan nazari mai zurfi, ya ga Inna Tala ba ta ci jarrabawa ko ɗaya ba, saboda haka don kare mutuncin ƙasa gara ta zauna gida ta riƙa yi musu addu'a.

Inna Tala ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Tsohuwar ta riga ta sayar da tunkiyarta ta ɗinka anko, ta aika har Gidan Sori an faɗa wa danginta. Mama Yelwa ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali.

"Mushe, muna ganin girmanka. Ka ɗaure mu da igiya mun yarda, ka sa mu a firigo mun yarda. Amma muryar Inna suka ji suka kira mu. In ba ta zuwa, ba mu zuwa. In ba mu zuwa, sai ka je ka yi musu waƙar kai kaɗai."

Kwamanda ya yi tari, ya gyara karabat. Ya ce daman gwada haɗin kansu yake yi, kuma yana farin cikin sanar da su sun ci. Aka naɗe tuluna cikin tsofaffin zannuwa aka cusa a kwali.

Da shirin ya tsaya nan, da Mushe ya shiga tarihi. Amma babban malami ba ya barin darasi da saura. Ya ga bai koyar da abin da ake yi in jirgi ya sami matsala ba, sai ya shiga bincike a wayarsa. Ya kalli jirgin da injinsa ya kama wuta. Wayar ta ga yana so, ta kawo masa wanda ya sauka a ruwa. Ya kalli wannan, ta kawo masa wanda ƙofarsa ta ɓalle a sama. Waya ba ta gajiya, shi ma bai iya dainawa ba. Yana zaune gindin dalbejiya a ƙofar gida, tuwo yana hucewa a gabansa, yana kallon fuka-fuki suna karyewa.

Darussa suka canza launi. Yanzu in ya hau kujerar tuƙi ba ya tambayar kaza ko kifi. Yana koya musu yadda ake dafe kai a durƙusa, yadda ake hura rigar ruwa, yadda kifayen teku ke fara cin mutum daga ƙafa. Ya ce duk mai riƙe da wata a zuciya ta yafe tun yanzu. Matan suka yafe wa juna cikin raha, har da waɗanda ba su taɓa faɗa ba, suka koma hirar wane zane za a ɗaura ranar farko. Maganarsa tana shiga ta wannan kunne tana fita ta wancan, kamar yadda ta saba tun ranar igiya. A duk faɗin majami'ar mutum ɗaya ne yake sauraron Mushe Ayuba da zuciya ɗaya, yana gaskata kowace kalma, shi ne Mushe Ayuba.

Kwat ta fara yi masa yawa. Ya kai matarsa Hannatu gona ya nuna mata iyaka, ya ce ta riƙe a ranta kada maƙwabta su ci. Ta ce ita ke noman gonar tun kafin ya san inda take. In jirgi ya gifta can sama ya bar farin layi, da can yakan ɗaga yatsa ya faɗi inda ya nufa, yanzu sai ya shige zaure. Da aka tambaye shi ramar me yake yi, ya ce nauyin shugabanci ne.

Biza ta fito, damina ta sauka, aka gama noman farko, ranar tafiya ta zo. Cadawa ta fito rakiya, Kirista da Musulmi, don abin na gari ne. Fasto Nomau ya yi addu'a. Mushe ya hau matakalar kar, babbar motar da za ta kai su Yamai, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'ar Cadawa, ku kwantar da hankali. Waɗannan mata suna hannun wanda ya san sama kamar yadda kuka san hanyar rijiya. Zan kai su, zan dawo da su. Tsoro na jahili ne."

Aka yi tafi. Wasu sun lura muryar tana ɗan rawa, suka ce shauƙi ne.

Hanyar Yamai doguwa ce, matan suka cinye ta da waƙa da gyaɗa. Kwamanda bai ci komai ba. A filin jirgi ya yi aikinsa daidai, a ba shi wannan. Ya jera su, ya nuna wa kowace inda za ta miƙa faspo, aka auna kwalayen tuluna aka wuce da su. Sai suka zo wani wuri mai faffaɗan gilashi, ga jirgin nan tsaye a waje. Wanda ya ɗauke masa hula a Maraɗi ɗan ƙarami ne, kamar motar kasuwa mai fiffike. Wannan kuwa ya fi majami'arsu tsawo, har da gidan Fasto a haɗe. Mushe ya tsaya yana kallon ƙarfen nan, ilimin da ya tara a waya ya taso masa gaba ɗaya. Ya dubi injin, ya san yadda yake kamawa da wuta. Ya dubi ƙofar, ya san yadda take ɓallewa.

"Medam, ku wuce gaba," ya ce. "Kwamanda shi ke shiga ƙarshe."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Inna Tala ta wuce tana gyara ɗankwali, ta gaida ma'aikacin ƙofa, ta tambaye shi iyali da gajiya, ya amsa yana murmushi. Mama Yelwa ce ta waiwayo ta ga shugaban tafiya ya rungume wani ginshiƙi, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ta dawo.

"Mushe, lafiya?"

"Madam, na gano wata matsala a tsarin dawowarku. Dole wani ya tsaya nan ya sa ido. Shugaba na gari yakan sadaukar da kujerarsa."

Ta dube shi, ta dubi ginshiƙin da ya ƙanƙame. Ba ta yi dariya ba, ko da yake ta sha wuya kafin ta riƙe.

"To Allah ya ba da ladan sadaukarwa. Kawo takardun."

Ya miƙa mata. Jirgi ya tashi da matan Cadawa, kujerar Kwamanda babu kowa. Inna Tala ce ke kusa da ita, ta ɗage abin dafa hannu, ta miƙe ƙafafu a kai, ba ta farka ba sai da aka zo tambayar kaza ko kifi. A can kuma suka tarar da wata tsohuwar Baturiya da ta yi aikin jinya shekaru a ƙasar Maraɗi tana jiransu, ta tarbe su da Gobiranci, har tana tambayar ko sun zo da daddawa.

Saura Mushe. Gida ba ya komuwa, bayan wancan jawabi na matakala. Ya ɗauki akwatinsa ya nemi wani ɗan ɗaki kusa da tashar motoci, ya kashe waya, don a Suwis ai layin Nijar ba ya shiga. Da safe yunwa ta fito da shi wurin wani mai shayi. Ya zauna a benci cikin kwat da karabat, wani fasinja ya tambaye shi daga ina. Bakin Mushe ya riga hankalinsa.

"Daga Suwis."

Shi ke nan, aka matso. Ya ba su labarin yawun da ke zama tsakuwa da kunnen da ke faɗuwa. Ya kwatanta ramukan iska, yana girgiza bencin da kansa. Washegari ya dawo, jama'a sun ƙaru. Mai shayi ya ware masa wuri na musamman da kofi mai hannu. Direbobi da ƴan kamasho da masu jiran mota suka riƙa zagaye shi, wasu har motarsu ta tashi ba su sani ba. A gaskiya bai taɓa samun ɗalibai masu ladabi irin waɗannan ba. Ya murmure, kumatu suka dawo.

Ranar da matan suka sauka yana bakin ƙofar fita ta filin jirgi, ya karɓi akwatin Mama Yelwa kamar tare suka sauko. Sun yi haske, suna ta zuba labari a lokaci guda, ga jakunkuna cike da cakulan. A cikin kar ya matsa kusa da ita ya rage murya, ya fara wani dogon bayani a kan sirrin aiki da mutuncin ikilisiya. Ta tare shi.

"Mushe, ba za mu yi ƙarya ba. Amma ba mu za mu fara maganar ba."

Wannan ya ishe shi. Kafin a kai Dogon Dutsi ya tattara labaransu kaf, ya gyara musu kurakurai.

Tarbar da Cadawa ta yi ba a taɓa irinta ba. Aka kafa rumfa a filin majami'a, aka yanka awaki, maƙwabta suka cika wuri. Aka nemi Mama Yelwa ta yi bayani, kafin ta gyara mayafi Kwamanda ya riga ya karɓi makirfo.

"Jama'a, mun je, mun gani, mun ɗaga sunan Cadawa. Ba zan ɓoye muku ba, an sha wuya. A kan teku jirgi ya faɗa wani rami, mata suna salati irin nasu, ni na miƙe na ce kowa ta natsu. Shi kansa matuƙin ya aiko a yi mini godiya. Sanyi kuwa, ƙanƙara har gwiwa."

Matan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Sun tarar da Suwis cikin zafi, har fanka aka kunna musu, ƙanƙara sai can kan wani dutse mai nisa suka hango ta. Inna Tala ta cusa goro a baki don kada wani abu ya fito. Hannatu tana gefe tana kallon mijinta, tana mamakin yadda kowa ya dawo da cakulan shi ya dawo da kilishi.

Yana cikin bayanin yadda shugaban ikilisiyar can ya roƙe shi ya zauna ya ƙi, sai ga Alhaji Ɗahiru, maƙwabcinsa, ɗan kasuwar da ke kai wake Yamai, ya iso a makare yana saɓa babbar riga. Mutum ne mai son zumunci da babbar murya, ba ya kuma iya riƙe saƙo. Ya ratsa jama'a ya kama hannun Mushe da hannu biyu, makirfo yana tsakaninsu.

"Maƙwabci, barka da sauka. Ai jiya na sha shayi wurin mutuminka na bakin tashar Yamai. Ya ce lalle in gaishe ka. Ya ce tunda ka taso ciniki ya faɗi, duk kwanakin nan da ka yi musu kullum bencinsa cike yake. Na ce masa ai Mushe yana Suwis, ya ce a'a, Suwis dai tana wurinsa, safe da yamma. Har hotonku ya nuna mini, kana riƙe da kofi."

Lasifika ta kai maganar har bakin kasuwa. Inna Tala ce ta fara fashewa da dariya, goron ya fito, sauran matan suka bi, rumfa ta ɗauka. Fasto Nomau ya rufe fuska da littafin waƙa, gwiwar da ke ciwo ita yake bugawa. Kwamanda ya buɗe baki da Faransanci, ya rufe. Ya ce akwai bayani, kuma zai gabatar da shi a lokacin da ya dace. Ya ajiye makirfo, ya bi ta bayan rumfa.

Har yau lokacin bai dace ba. Mushe yana nan, kwat tana nan, ranar Lahadi yakan zauna a layin gaba. Sai dai ya canza hanyar zuwa kasuwa, yana zagayawa ta bayan makabarta ko da rana ta take. Dalili kuwa, in ka je tashar Cadawa da safe, za ka ji ɗan kamasho yana bubbuga motar Yamai yana kira da iyakar muryarsa: "Suwis, Suwis, saura mutum ɗaya."